GYAMBON DA BA A ƘIDAYA BA

Jawabin da aka gabatar wa dattawa, masu bishara da shugabannin zumuntar mata a kan binciken cutar lishmaniya a ƙauyukanmu

  

An ba mu magana a kan lafiyar jama'armu da ke karkara. Mu dai makarantar tauhidi muka yi, ba ta likita ba. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi ne daga karatu, da kuma zama da 'yan'uwanmu ma'aikatan asibiti da suka daure suka yi mana bayani har muka gane. Maganarmu a kan cuta guda ɗaya ce, wadda likitoci ke kira lishmaniya, da kuma dalilin da ya sa ya kamata ikkilisiya ta sa hannu a gano inda take.

ABIN DA YA JAWO WANNAN MAGANA

Duk wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san Titin Zariya, ya kuma san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a nan cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Gaba kaɗan ga tashar Unguwa Uku, inda baƙi da yawa ke sauka. Saboda haka gidajen 'yan'uwanmu da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni sun zama masaukin marasa lafiya. Daga Sumaila, daga Rano, daga Tudun Wada, daga Doguwa, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya tuna yana da ɗan'uwa a birni. Waɗannan iyalai sun shimfiɗa tabarma, sun dafa abinci, sun raka mutane layin ganin likita, ba tare da an yaba musu a gaban taro ba. Yau muna yaba musu.

A ɗaya daga cikin irin gidajen nan ne muka ziyarci wani mai bishara da ya kawo 'yarsa daga ƙauye. Yarinyar ba ta wuce shekara tara ba. Tana da gyambo a kumatu, wani kuma a hannu, bakinsa ya yi tudu kamar bakin tukunya, tsakiyarsa ya zurma. Ba ya yi mata zafi sosai, amma wata huɗu ke nan ya ƙi warkewa. An sha maganin kemis, an shafa toka, an ɗaura ganye. Ta daina zuwa makaranta domin yara suna tsokanar ta. Da likita ya kankari bakin gyambon aka duba a ɗakin gwaji, sai ya ce lishmaniya ce ta fata. Daga nan ya tambayi uban, ko akwai wasu masu irin wannan a garinku? Uban ya ce akwai, har da 'ya'yan maƙwabta. Likita ya ce su nawa ne? Uban ya yi shiru. Da ya ba mu labari, mu ma shiru muka yi, gama muna da ikkilisiya a garin nan, muna da littafin baiko da na baftisma, mun san yawan buhunan da aka kawo ranar godiyar kaka, amma ba mu san yawan yaran da ke fama da gyambo ba.

MECE CE WANNAN CUTA?

Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Akwai irinta fiye da 20 da ke kama ɗan Adam. Ba a ɗaukar ta wajen gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya cikin sujada. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke yaɗa ta, daga cikin dangin abin da muke kira ƙyashi. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne kawai, watau bai kai rabin sauro ba. Macen ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, ba ta kuma kuka a kunne kamar sauro. Hausawa sun yi hikima da suka ba wannan ƙwaro suna ɗaya da ƙyashin zuciya, domin dukansu ƙanana ne, a ɓoye suke aikinsu, sai daga baya a ga ɓarna.

Sauro a ruwa yake hayayyafa, amma wannan ba ruwansa da kududdufi. Wurin zamansa shi ne ramin ɓera, tsagar bango, tsohon suri, juji, da turken dabbobi inda akwai danshi da duhu. A Afirka ta Yamma an gano cewa ɓerayen daji su ne rumbun ƙwayar cutar. Ƙwaron ya ciji ɓera, ya ɗebo cutar, ya zo ya ciji mutumin da ke kwance a waje saboda zafi, ko mai gadin gona, ko yaron da ke wasan dare. Bayan makonni ko watanni sai ɗan ƙurji ya fito a wurin cizon, ya girma, ya fashe.

Cutar iri uku ce. Ta fari ita ce ta fata, wadda aka fi gani a ƙasashenmu. Yawanci ba ta kisa, sau da yawa ma takan warke da kanta bayan watanni, amma takan bar tabo har mutuwa, kuma a fuska da hannu da ƙafa ta fi fitowa. Ta biyu tana cin cikin hanci da baki, an fi samun ta a Kudancin Amurka. Ta uku ita ce ta cikin ciki, wadda ake kira kala-azar. Tana kawo zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama, da ƙarancin jini, saifa da hanta su kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, fiye da 95 cikin 100 na masu wannan irin sukan mutu. Sunan cutar ya samo asali ne daga William Leishman, likitan sojan Birtaniya, wanda ya ga ƙwayar a saifar wani soja da ya kamu a Dum Dum kusa da Kalkata ta Indiya, ya buga bayaninsa a 1903. A shekarar nan kuma Charles Donovan ya gan ta a Madras.

Ga lissafin da ya kamata mu riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan ɗaya ne ke kamuwa da lishmaniya kowace shekara. Na kala-azar kaɗai tsakanin 50,000 ne da 90,000, amma kashi 25 zuwa 45 cikin 100 ne kawai labarinsu ke isa ga hukumar. Sauran suna can a ƙauyuka irin namu, ba wanda ya rubuta su. Shi ya sa aka sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, waɗanda duniya ke tunawa da su kowace ranar 30 ga Janairu.

BA BAƘUWA BA CE A ƘASAR HAUSA

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Indiya ne. Rahoto na fari a kan lishmaniyar fata a Afirka ta Yamma daga yankin Damagaram ya fito, a 1911, ta hannun wani likitan Faransa mai suna Stévenel. A Nijeriya kuwa Dyce-Sharp ya ba da rahotonta a 1924. Tun daga lokacin an yi ta ganin ta a arewacin ƙasar nan. Likitoci sun rubuta labarinta a Sakkwato da Borno, an kuma yi bincike a kanta a Keana ta jihar Nasarawa da wasu ƙauyukan jihar Filato. A Barkina Faso ta ɓarke a Wagadugu daga 1996, har mutane suka laƙaba mata sunan wata sabuwar unguwa da ake ginawa a lokacin, watau Waga 2000. A Gana ta bayyana a yankin Ho a 1999, inda aka rubuta dubban mutanen da ake zaton sun kamu. A Sanagal, a kewayen Keur Moussa inda akwai sanannen gidan masu zaman addu'a na Katolika, masu bincike sun yi shekaru suna kama ɓeraye da ƙwari a shekarun 1970, har suka tabbatar da yadda cutar ke zagayawa tsakanin ɓera da ƙwaro da mutum.

Idan muka jera waɗannan wurare za mu ga yawancinsu a ɗamara ɗaya muke da su: ƙasa mai damina guda da dogon rani, mai gidajen ƙasa, mai gero da dawa da ɓerayen da ke bin su. An kuma lura cewa a irin ƙasashen nan gyambon ya fi fitowa daga tsakiyar damina zuwa kaka. Yawancin abin da aka sani a kan cutar a Nijeriya ya fito ne daga waɗanda suka kai kansu asibiti, da 'yan garuruwan da masu bincike suka taka. Amma wa ke kai kansa babban asibiti saboda gyambon da ba ya zafi, a lokacin da ake noma, kuɗin mota ma aiki ne? Littafin asibiti yana nuna waɗanda suka iso ne kawai.

YADDA AKE BINCIKEN

Shi ya sa ake fita a bi gida-gida. Masu bincike sukan fara da gaisuwa wurin hakimi da dagaci da mai unguwa. Sai su ƙidaya gidaje da mutanen da ke ciki, domin faɗin cewa mutum goma sun kamu ba ya nuna kome sai an san ko cikin ɗari ne ko cikin dubu goma. Sai su duba fata, su rubuta masu sabon gyambo dabam, masu tsohon tabo dabam, gama tabo yana ba da labarin shekarun baya. Akwai kuma gwajin fata da wani likitan Barazil mai suna Montenegro ya fito da shi a 1926. Akan yi 'yar allura a fatar hannu, a dawo bayan kwana biyu ko uku a auna wurin. In ya yi tauri ya kai milimita 5, alama ce mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ko da bai taɓa yin ciwo ba. Ga kala-azar akwai gwajin ɗigon jini mai kama da na zazzaɓin cizon sauro. Da dare kuma sukan kafa tarkon fitila, da takardu masu mai a bakin ramuka da tsagar bango, domin su ga irin ƙwarin da ke wurin.

Bari mu ba ku misali daga 'yan'uwanmu Hausawa na Sudan. Kun san tun zamanin tafiya Makka a ƙafa Hausawa da yawa suka zauna a can, suka kafa garuruwa. A gabashin Sudan, yankin Gadarif, akwai baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, da dazukan aduwa da ƙaya, inda kala-azar ta yi kaka-gida. Daga 1994 zuwa 1996 masu bincike suka bi ƙauyuka biyu sau da ƙafa. Ɗaya shi ne Um-Salala na ƙabilar Masalit, ɗayan kuma Mushrau Koka na Hausawa, waɗanda yawancinsu a nan aka haife su. A Um-Salala, cikin kowane mutum 1,000, kimanin 20 ne suka kwanta da cutar a shekarar fari, a ta biyu suka kai 38. A garin Hausawa kuwa kimanin 3 ne, sa'an nan kusan 5. Amma gwaji ya nuna wani abin da ido bai gani ba. A shekarar fari, a garin Hausawan, duk mutum ɗaya da ya kwanta akwai wasu 11 da ƙwayar ta shiga jikinsu ba tare da sun yi ciwo ba. Ƙauyuka biyu a yanki ɗaya, amma labarinsu ya bambanta ƙwarai. Ba wanda zai san haka yana zaune a ofis. Sai da aka je, aka kuma samu mutanen gari suka yarda aka duba su.

INDA BA A ƘIDAYA BA, DA INDA AKA ƘIDAYA

A yammacin lardin Upper Nile, cikin ƙasar da yanzu ake kira Sudan ta Kudu, kala-azar ta ɓarke wajen 1984 ana tsakiyar yaƙi. Ba asibiti, ba mai rubutu. Sai a 1988, da 'yan gudun hijira suka fara isa Khartum da ciwon, duniya ta farga. Da likitocin ƙungiyar MSF suka zauna da waɗanda suka tsira suna tambayar su, wa da wa kuka rasa a gidanku, sai lissafi ya nuna cewa tsakanin 1984 da 1994 kimanin mutum 100,000 ne suka mutu cikin jama'ar da ba ta wuce 280,000 ba. Alhali kuwa maganin yana nan tun da daɗewa.

Ga kuma Bangaladash. A 2005 ita da Indiya da Nepal suka ƙulla yarjejeniyar kawar da kala-azar. Duk inda aka samu mai ciwo ɗaya, sai ma'aikata su bi gidajen da ke kewaye da shi suna neman wasu, a yi gwaji, a ba da magani kyauta, a yi feshi a ɗakuna, a kuma rubuta. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Bangaladash ce ƙasa ta fari da ta kawar da cutar daga zama barazana ga jama'a, bayan ta yi shekara uku a jere ba wata gundumar da ta kai mutum ɗaya cikin 10,000. Mun kawo waɗannan ba don mu tsorata ku ba, gama wadda ta fi damun yankinmu ta fata ce. Mun kawo su ne domin mu ga cewa magani yana bin lissafi. Gwamnati ba ta sayen allurar cutar da ba ta cikin littafinta, ba ta kuma koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gane ciwon da ba a taɓa kawo rahotonsa ba.

ME YA SA MUKE ƁOYEWA?

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dalilai uku muke gani a cikinmu.

Na fari, kunya. Da an ga tabo ko gyambon da ya daɗe, sai a fara raɗa cewa kuturta ce. Uwa takan ɓoye 'yarta domin kada maganar aure ta lalace gaba. Wannan abin baƙin ciki ne a gare mu fiye da kowa, domin mun san tarihinmu. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya nan Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Da yawa cikin masu bi na fari a ƙasar Hausa ta waɗannan wurare suka ji bishara, wasunmu da ke zaune a nan jikokinsu ne. Sunan Yadakunya kansa wa'azi ne. Yaya jikokin waɗanda aka karɓa da mikinsu za su riƙa gudun mai miki? Ita kuturtar ma tana warkewa sarai, maganinta kuma kyauta ne.

Na biyu, zargi. Idan gyambo ya ƙi magani, sai a ce sammu ne ko jifa, a fara duban kishiya, ko wanda aka yi rikicin iyakar gona da shi. Mun ga gidajen da suka daina gaisawa a kan abin da ɗan ƙwaro ya yi. Mun ga masu bi da suka koma wurin boka da dare. Wasu kuma suna zuba ruwan batir ko su ɗora wuƙa mai zafi, su mai da ƙaramin tabo babba. A Yahaya sura 9, da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, abin da ya fara zo musu shi ne neman mai laifi. Ubangiji bai bi su ta wannan hanya ba, ya juya ga mutumin ya taimake shi.

Na uku, tsoron ƙidaya. Wannan ba za mu raina shi ba. Mu marasa rinjaye ne a garuruwanmu, kuma akwai dattawa a nan da suka ga kwanakin wahala. Idan baƙo ya zo da takarda yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, gaba yakan faɗi. Wani dattijo ya taɓa tuna mana cewa Dawuda ya ƙidaya jama'a, annoba ta biyo baya, kamar yadda yake a 2 Sama'ila sura 24. Gaskiya ne. Amma Dawuda mayaƙa ya ƙidaya, har shugaban sojojinsa ya yi masa gargaɗi bai ji ba, daga baya shi da kansa ya furta cewa ya yi zunubi. Littafin nan guda kuma yana da wani littafi sukutum mai suna Littafin Ƙidaya, inda Allah da kansa ya umarta a ƙidaya jama'a. Makiyayin da ke Luka sura 15 bai san tunkiya ɗaya ta ɓata ba sai don yana ƙirga garkensa. Nehemiya ma, kafin ya ce wa kowa a tashi a yi gini, sai da ya fita da dare ya zagaya ya duba inda garu ya rushe. A Littafin Firistoci sura 13, firist ne aka ɗora wa duban ciwon fata, ya duba, ya jira kwana bakwai, ya sake dubawa, ba ya yanke hukunci da ka. Yau wannan aiki na likita ne, amma darasin yana nan: a duba da kyau kafin a yi magana. Akwai ƙidayar fahariya, akwai kuma ƙidayar makiyayi. Ta biyun muke kira a yi.

ABIN DA MUKE ROƘO

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai bishara yana kwana a garin da motar ma'aikata ba ta shiga da damina. Matan zumunta suna shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga. Saboda haka muna roƙon abubuwa bakwai.

1. Kowace ikkilisiya ta ware ɗan littafi guda na marasa lafiya. Duk mai gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, a rubuta shekarunsa, mace ce ko namiji, inda ciwon yake a jiki, watan da ya fara, da inda mutumin ya kwana ko ya yi aiki a watannin baya. Haka kuma mai zazzaɓin da ya wuce mako biyu, wanda maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa aiki ba, musamman in ciki ya kumbura. Shi wannan kada a jira, a kai shi asibiti nan da nan.

2. Kada fasto ko mai bishara ya sa wa ciwo suna. Gyambo yana iya zama na ciwon sukari, ko na amosanin jini, ko tarin fuka na fata, ko kuturta, ko ciwon daji. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Namu shi ne addu'a, da rakiya, da rubutu na gaskiya.

3. A kai labarin ga ma'aikacin asibitin da ya fi kusa. Kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na jihar Kano tana da jami'in sa ido a kan cututtuka, aikinsa ke nan ya karɓi irin wannan rahoto ya tura gaba. Idan mutum uku ko huɗu a unguwa ɗaya suka fito da ciwo iri ɗaya, a gaya masa, a kuma sanar da mai unguwa.

4. A riƙe amana. Ba a rubuta kowa sai da yardarsa ko ta iyayensa. Ba a karanta sunaye a sanarwar ranar Lahadi. Matasa, kada a ɗauki hoton fuskar yaro a watsa a WhatsApp da sunan neman addu'a. Idan masu bincike suka zo, muna da ikon tambayar takardar izininsu, da abin da za su yi da bayanan, mu kuma nemi su dawo su faɗa mana abin da suka samu. Bayan haka mu ba su haɗin kai.

5. Kada a ƙara, kada a rage. Akwai jarabar ƙara lissafi domin a jawo taimako daga waje. Ƙarya ce, kuma ranar da aka gano ta, an rufe ƙofa ga masu ciwon gaske.

6. Kada mu tsaya ga namu kaɗai. Ƙwaron nan ba ya tambayar addinin wanda zai ciza. Ɓeran da ke rumbun mai bi shi ne ke shiga rumbun maƙwabcinsa Musulmi. In an je wurin dagaci, a je da maganar gari duka, a nemi limami da malaman gari su sa baki. Taimakon da muka samo, a raba shi ba tare da sharaɗi ba.

7. A yi rigakafi, gama har yanzu babu allurar rigakafin wannan cuta ga ɗan Adam. A kwana cikin gidan sauro mai magani, ko a ɗaki ko a tsakar gida ko a bukkar gona. Ƙwaron yana iya ratsa ramukan gidan sauron da ba shi da magani saboda ƙanƙantarsa. A yaɓe tsagar bango, a toshe ramukan ɓera, a nisantar da juji da turke daga wurin kwana, a sa wa yara tufa mai rufe hannu da ƙafa da yamma. Mai gyambo ya riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ya rufe shi. Akwai magunguna na allura da na sha, amma masu ƙarfi ne, sai a hannun likita. Wanda yake ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa, lishmaniya takan fi tsananta a jikinsa, kada ya yi jinkiri ko kaɗan.

Ku kuma 'yan'uwanmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku ne gada tsakanin ƙauye da asibiti. Idan baƙo ya sauka a gidanku da irin wannan ciwo, kada ku ware masa kwano. Ku yi masa tambayar da likitan nan ya yi, ko akwai wasu a gida? Idan zai koma, ku tabbatar ya tafi da takardar da aka rubuta sunan ciwon, ya nuna wa ma'aikacin asibitin garinsu, domin na gaba kada ya yi wata huɗu yana shafa toka. Muna kuma roƙon majalisar dattawa ta duba yadda za a riƙa tallafa wa waɗannan gidaje daga asusun jinƙai, gama nauyin ya daɗe a kansu su kaɗai.

KAMMALAWA

Yarinyar da muka ba ku labarinta ta warke, ta koma makaranta, tabon yana nan a kumatunta. Ubanta ya koma gida ya sayi littafi na 'yan makaranta, ya fara rubutu. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce wannan ba aikin ruhaniya ba ne. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida suka ɗora musu aikin. Muna roƙo kafin taronmu na gaba kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon amana, su riƙe wannan littafi, su zo mana da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Makiyayinmu, kai ne ka san kowane ɗayanmu da sunansa. Ka gafarta mana inda muka kau da ido daga masu ciwo, da inda muka zargi marar laifi. Ka warkar da yaranmu da yaran maƙwabtanmu. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinya da masu bincike hikima da haƙuri. Ka ba shugabannin jiharmu zuciyar tunawa da mutanen karkara. Ka ba mu zaman lafiya a garuruwanmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.